Muhawara: Rubuta fayil a /tmp haɗari ne na gaske, ko tsoro ne irin na da?

Auwal (Agege):
Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Ina neman shawara a kan wani rubutun umarni da na tarar a sabar wani kanti da nake kula wa da shafinsu na intanet. Rubutun yana tashi da ƙarfe 2 na dare ta hanyar cron, mai tayar da ayyuka bisa jadawali, da ikon root, wato babban asusu mai iko da komai a na'ura, kuma aikinsa shi ne ya kwafe rumbun bayanan kantin ya tura wata na'ura. Ga abin da ke cikinsa:

```
mysqldump kanti > /tmp/ajiya.sql
gzip -f /tmp/ajiya.sql
scp /tmp/ajiya.sql.gz ajiya@waje:kanti/
rm /tmp/ajiya.sql.gz
```

Wanda aka ɗauko ya duba tsaron sabar ya sa wannan cikin abubuwan da ya ce a gyara da gaggawa, mai kantin kuma yana tambayata ko gyaran ya cancanci kuɗin da zai biya. Ni kaɗai nake da kalmar shiga, babu wani ma'aikaci da yake da asusu a kan na'urar. To wa zai kawo mini hari ta /tmp, foldar fayilolin wucin gadi da kowane asusu ke iya rubutu a ciki, tunda an ce sai mai asusu a cikin na'ura ne yake iya amfani da irin wannan rauni?

Injiniya Kabiru (Ikeja):
Wa alaikumus salam, Auwal. A tawa fahimtar, mai binciken ya cika takardarsa ne don a ga ya yi aiki. Harin da ake tsoro a nan tsoho ne. Mutum zai riga ka ƙirƙirar /tmp/ajiya.sql, amma a matsayin simlink, wato suna da ba komai a cikinsa sai nuni zuwa wani fayil daban, misali /etc/shadow. Idan rubutunka ya zo da ikon root ya buɗe sunan zai rubuta, sai ya bi nunin ya shafe fayil ɗin kalmomin sirri ya zuba bayanan kanti a gurbinsa. Wannan ya yi ɓarna a zamanin da ɗalibai masu yawa suke raba na'ura guda a jami'o'i. Amma tun fitowar kanel 3.6 na Linux, wato zuciyar tsarin, a 2012 akwai saitin fs.protected_symlinks, aikin Kees Cook, kuma Debian da Ubuntu da Red Hat duk suna zuwa da shi a kunne. Matuƙar yana kunne, ko root ba zai bi simlink ɗin da wani asusu ya ajiye a /tmp ba. Ka buga `sysctl fs.protected_symlinks`, idan ka ga 1 ka kwanta ka yi barcinka, ka bar mai kanti ya sayi man janareta da kuɗinsa.

Malama Hauwa (Yaba):
Injiniya, ranka ya daɗe, bayaninka a kan simlink daidai ne, amma ban yarda da hukuncin da ka yanke ba, kuma zan fara da tambayar Auwal ɗin kanta. Auwal, ba kai kaɗai ne kake da asusu a sabar nan ba. Ka buɗe /etc/passwd za ka ga www-data, ka ga mysql, ka ga wasu da dama da manhajoji suke gudana da sunansu. Duk ranar da aka samu rauni a wani fulogin na WordPress, ko a wurin da ake loda hotunan kaya, ɗan kutsen da yake zaune a wata ƙasa ya zama www-data a cikin na'urarka, kuma daga wannan lokacin shi ne mai asusun da ake magana a kai. Abin da ya rage masa shi ne ya tashi daga ƙaramin asusu ya kai ga root, ko ya kai ga bayanan da ba a ba shi ba, kuma rubuce-rubucen cron irin naka ne suka fi sauƙaƙa masa wannan hanyar.

Sannan a rubutun nan babu ma buƙatar simlink ko wata dabara. A yawancin na'urori umask na root, wato saitin da ke ƙayyade izinin sababbin fayiloli, 022 ne, saboda haka fayil ɗin da alamar `>` ta ƙirƙira yana fitowa da izinin 644, wanda ke nufin kowane asusu a na'urar zai iya karanta shi. Tun daga lokacin da mysqldump ya fara rubutu har scp ya gama turawa, sunayen abokan cinikin kantin da lambobin wayarsu da adireshinsu suna nan a fili ƙarƙashin sunan da kowa ya sani, a sa'ar da ba ta canzawa. Saitin kanel da Injiniya ya ambata ba ruwansa da wannan ko kaɗan.

Malam Ɗanlami (Idi-Araba):
Hauwa ta taɓo inda ya kamata. Bari in ƙara wani abu don ƙannenmu da suke karatu ba su magana, domin na lura mutane da yawa ba su fahimci abin da izinin /tmp yake bayarwa da abin da ba ya bayarwa ba. Idan ka buga `ls -ld /tmp` za ka ga drwxrwxrwt, wato 1777. Wannan harafin t na ƙarshe yana hana wani ya goge fayil ɗinka ko ya sauya masa suna. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya hana a ga sunan, ba ya hana a karanta idan izinin fayil ɗin a buɗe yake, kuma ba ya hana wani ya riga ka kama sunan da kake shirin amfani da shi. Kamar tsakar gidan haya ne na nan Legas: ba mai ikon ɗauke bokitinka, amma kowa yana ganin abin da ke ciki, kuma wanda ya riga ka tashi zai iya ajiye nasa a wurin da ka saba ajiyewa.

Wannan cuta ba a ƙananan rubuce-rubuce kaɗai take ba. A watan Agusta na 2008 Dmitry Oboukhov ya bi fakitocin Debian yana neman waɗanda suke rubutu a /tmp da sunan da za a iya hasashe, kuma rahotannin da ya shigar sun yi yawan da suka tayar da muhawara a tsakanin masu kula da Debian ɗin kansu. A kundin raunin manhajoji na CWE matsalar tana da lambarta, 377, bin simlink yana da 59, tseren da ke tsakanin dubawa da amfani kuma 367. Abin da aka ware wa lambobi har uku ba ƙirƙirar mai bincike guda ba ne.

Injiniya Kabiru (Ikeja):
Malam, Allah ya ƙara girma, ba na musun tarihi. Na kuma karɓi maganar Malama Hauwa a kan izinin 644, wannan layi guda na `umask 077` zai magance shi. Amma a kan www-data akwai abin da ba a faɗa ba. A Debian da Ubuntu, sabis ɗin apache2 yana tashi da PrivateTmp a kunne, haka ma httpd a ɓangaren Red Hat. Ma'anarsa systemd, mai tayar da sabis-sabis a na'ura, yana ba shi nasa /tmp na kansa, wanda ya sha bamban da na sauran na'ura. Ɗan kutsen da ya shigo ta Apache zai duba /tmp ya tarar da wuri daban, ba zai ga ajiya.sql ba balle ya riga shi. Ga kuma fs.protected_regular da fs.protected_fifos da suka shigo a kanel 4.19 a 2018, waɗanda suke hana a buɗe fayil ɗin wani a /tmp da niyyar ƙirƙira. Kariya hawa uku ke nan. Abin da nake gudu shi ne mu sa yaro ya ɓata mako yana gyara abin da tsarin ya riga ya toshe, alhali wataƙila yana da fulogin da ya shekara biyu ba a sabunta ba.

Malama Hauwa (Yaba):
Sabunta fulogin wajibi ne, Injiniya, ba mai jayayya a nan, amma gyaran da muke magana a kai bai kai aikin rabin sa'a ba, kuma da sauran rina a kaba a kan hawa ukun nan.

PrivateTmp saiti ne na kowane sabis shi kaɗai. Idan PHP yana gudana ta php-fpm, to wani sabis ne daban mai nasa saitin, kuma sai an duba da `systemctl show -p PrivateTmp` kafin a san halin da yake ciki. Ko da yana kunne, keɓewar ta shafi abin da sabis ɗin ya haifa ne kawai. Idan ba a taƙaita crontab ta cron.allow ba, www-data zai iya rubuta nasa jadawalin, kuma cron ne zai tayar da aikin a cikin /tmp na gaske, kusa da fayil ɗin Auwal.

Babban abin da ya fi damuna kuma shi ne folda. Mutane da yawa idan aka ce musu fayil a /tmp ba shi da tsaro sai su rubuta `mkdir -p /tmp/ajiya` su riƙa zuba komai a ciki, suna ganin sun tsira. To `mkdir -p` ba ya ƙorafi idan ya tarar da foldar tana nan. Idan mahari ya riga ya ƙirƙira ta, tasa ce, kuma dokar protected_symlinks tana aiki ne kawai a folda mai alamar t da kowa ke iya rubutu a ciki. A cikin foldar mahari babu wannan sharaɗi, saboda haka root zai bi duk simlink ɗin da aka dasa masa a can kamar yadda ake yi kafin 2012. Kanel ba shi da abin cewa.

Akwai kuma ɓangaren karatu. Rubutun da yake yin `kill $(cat /tmp/aiki.pid)`, ko yake ɗauko saituna da `. /tmp/saiti.sh` idan ya tarar da fayil ɗin, ba ƙirƙira yake yi ba, karantawa yake yi, kuma protected_regular bai shafi wannan ba. Na biyun ma miƙa wa mahari ikon root ne kai tsaye, domin duk abin da ya rubuta a fayil ɗin root ne zai zartar.

Ko a inda kariyar ta yi aiki, ku lura da abin da take yi: tana sa buɗewar ta gaza. Rubutun Auwal ba ya duba ko umarni ya yi nasara. Wanda ya ajiye fayil mai suna ajiya.sql a /tmp ya hana kwafin ajiya fita daidai kowane dare, ba tare da kowa ya sani ba, sai ranar da aka nemi kwafin. Mai shirin kulle bayanai ya nemi kuɗin fansa ba abin da yake so kamar haka.

Auwal (Agege):
Allah ya saka da alheri, Yaya Hauwa, yanzu na gane wanda ake nufi da mai asusu. To idan matsalar sanin sunan ne, me zai hana in sa kwanan wata a jikinsa, ko in rubuta /tmp/ajiya.$$ kamar yadda nake gani a wasu rubuce-rubuce, ko in haɗa da $RANDOM? Sannan in sa layi a gaba da zai duba ko fayil ɗin yana nan, idan yana nan rubutun ya tsaya.

Malam Ɗanlami (Idi-Araba):
Duk ukun ba su isa ba, ɗana. Kwanan wata kowa ya san na gobe. Alamar $$ lambar aikin ce, wato PID, kuma Linux yana raba waɗannan lambobi ne bi da bi. Iyakarsu ta asali 32768 ce, kuma ko a sababbin na'urori da aka ɗaga ta zuwa 4194304, mahari yana ganin lambar da ake kai yanzu, sai ya shirya sunaye dubu kaɗan na gaba cikin ƙiftawar ido. $RANDOM na bash kuwa daga 0 zuwa 32767 yake tsayawa, ana iya ƙirƙirar dukkansu a zauna ana jira.

Dubawa kafin rubutu ita ce ta fi yaudara, domin tana kama da taka-tsantsan. Tsakanin layin da ya duba da layin da ya rubuta akwai ɗan lokaci, komai ƙanƙantarsa, kuma mahari ba da hannu yake aiki ba. Yana da shirin da yake gwadawa ba tsayawa, kuma tunda rubutunka kullum yake tashi, idan bai dace yau ba zai dace wani daren. Maganin shi ne dubawa da ƙirƙira su zama aiki guda da kanel zai yi ba tare da rata ba, kuma wannan shi ne abin da O_CREAT tare da O_EXCL suke yi: idan sunan yana nan, ko da simlink ne, buɗewar ta gaza nan take. Umarnin mktemp, wanda ya fara fitowa a OpenBSD 2.1 a 1997, an yi shi ne don masu rubutun umarni su samu wannan. Yana zaɓar suna mai wuyar hasashe, ya ƙirƙiri fayil da izinin 600, ko folda da izinin 700 idan ka ba shi -d. Ni folda nake ba da shawara, domin duk abin da gzip ko wani umarni zai haifa daga baya yana cikin wurin da ba mai shiga sai kai:

```
umask 077
d=$(mktemp -d) || exit 1
trap 'rm -rf -- "$d"' EXIT
trap 'exit 1' INT TERM HUP
mysqldump kanti > "$d/ajiya.sql" || exit 1
```

Kada ka yar da `|| exit 1` na layi na biyu. Idan mktemp ya gaza, misali faifai ya cika, $d zai zama fanko, kuma "$d/ajiya.sql" ya koma /ajiya.sql a tushen na'ura. Layin trap na farko yana goge foldar idan rubutun ya ƙare, na biyu kuma saboda /bin/sh a Debian da Ubuntu dash ne, ba bash ba, kuma dash ba ya zartar da trap na EXIT idan sigina ce ta kashe shi sai an kama siginar. Ka kuma guji `mktemp -u`, wanda suna kawai yake bayarwa ba ya ƙirƙirar komai, ya mayar da kai cikin tseren da ka fito.

Sadiya (Surulere):
Ina so in ƙara na masu rubuta manhaja, saboda rabin ayyukan cron da nake gani yanzu da Python aka rubuta su, kuma sunaye suna ruɗa mutane. A layin umarni mktemp shi ne mai kyau, amma a C aikin mktemp() shi ne mai haɗari, har ƙa'idar POSIX ta tsarukan Unix ta cire shi a 2008, mkstemp() ne ake so. A Python ma haka: tempfile.mktemp() an daina ba da shawarar amfani da shi tun sigar 2.3, amma har yau yana nan kuma ana kwafo shi daga tsofaffin misalai. Abin da ya dace shi ne mkstemp ko NamedTemporaryFile ko TemporaryDirectory. Manhajar bincike ta Bandit tana kama duka biyun, kiran mktemp da kuma rubuta /tmp kai tsaye a cikin shiri.

Java tana da nata tarkon. Tsohon File.createTempFile yana ƙirƙira ba tare da tsere ba, amma izinin fayil ɗin umask yake bi, don haka galibi kowa na iya karantawa. Files.createTempFile da ya zo da Java 7 shi ne yake taƙaita izini ga mai shi. Irin wannan sakaci ne ya sa aka ba Guava, wani kundin shirye-shiryen Java, lambar rauni ta CVE-2020-8908, aka kuma gyara TemporaryFolder na JUnit a sigar 4.13.1 a shekarar 2020. Masu PHP kuma su duba session.save_path. Idan yana nuni ga /tmp a na'urar da shafuka da yawa suke rabawa, sunan kowane fayil ɗin zama yana ɗauke da lambar zaman kanta, kuma wanda ya iya jera sunayen foldar ya samu abin da zai shiga da shi a matsayin wani. Shi ya sa Debian ta mayar da su /var/lib/php/sessions da izinin da ke hana jerawa.

Injiniya Kabiru (Ikeja):
Maganar `mkdir -p` tana da ƙarfi, Malama, wannan kam hanya ce a buɗe. Amma bari in faɗi inda nake ganin an fi samun asara, domin ina tsoron mutane su tashi daga nan suna ganin kalmar /tmp ce kaɗai abokiyar gaba. Ku tuna jerin raunin da Dawid Golunski ya fitar a 2016. A Tomcat na Debian, CVE-2016-1240, rubutun tayar da sabis yana yin chown, wato sauya mamallakin fayil, da ikon root a kan catalina.out, a cikin foldar da asusun tomcat yake iko da ita. A nginx na Debian, CVE-2016-1247, foldar /var/log/nginx mallakar www-data ce, sai a musanya error.log da simlink a jira logrotate, mai sauya fayilolin rahoto da sababbi. A MySQL, CVE-2016-6664, rubutun mysqld_safe ne yake taɓa fayil ɗin kurakurai ta irin wannan hanya. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya ratsa ta /tmp, kuma dukkansu sun kai mahari ga root. Wanda ya sauya duk rubuce-rubucensa zuwa mktemp, amma ya bar root yana yin `chown -R` ko `rm` a cikin /var/www/uploads kowane dare, bai rufe ƙofar da aka fi shiga ba.

Malama Hauwa (Yaba):
A nan mun haɗu, Injiniya, kuma misalanka sun fi nawa nuna iyakar kariyar kanel, tunda duk sun faru ne shekara huɗu bayan shigowar protected_symlinks. Tambayar da nake yi wa kowane rubutu ita ce: shin wani asusu mai ƙaramin iko zai iya ƙirƙira ko sauya suna a kowace folda da ke kan hanyar da root zai bi? Idan amsar e ce, to ko dai aikin ya sauka zuwa wannan ƙaramin asusun ta runuser ko `User=` na systemd, ko kuma a sauya wurin. Kwafin rumbun bayanai ma ba ya buƙatar root tun farko. Asusu na musamman mai izinin karanta rumbun kawai ya wadatar, da foldarsa ta kansa a /var/backups mai izinin 700, kuma idan aka yi haka babu dalilin zuwa /tmp gaba ɗaya.

Musa (Alaba Rago):
Ina da tambaya da ta shafi halin da muke ciki a nan. Yawancin sabobin da nake kula da su ba a cibiyar bayanai suke ba, a ƙarƙashin tebur suke a ofisoshi da shaguna, kuma idan aka ɗauke wuta batirin inbata ya ƙare kafin a tayar da janareta, na'ura mutuwa take yi nan take. A irin wannan hali trap ɗin da Malam ya rubuta zai goge foldar kuwa?

Malam Ɗanlami (Idi-Araba):
Ba zai goge ba, Musa. Ɗaukewar wuta da `kill -9` ba sa ba rubutu damar yin komai. Amfanin izinin 700 ke nan: ko foldar ta kwana, ba mai shiga sai mai ita. Abin da zai faru da ita bayan na'ura ta tashi ya danganta da tsarin. Inda /tmp yake a kan tmpfs, kamar Fedora da kuma Debian 13 da ta fito a 2025, komai yana cikin ƙwaƙwalwar na'ura ne kuma yana tafiya da wutar. Sai dai tmpfs bisa al'ada iyakarsa rabin ƙwaƙwalwar ce, saboda haka zuba kwafin rumbu mai girma a can a kan ƙaramar saba yana iya cika shi ya shaƙe sauran ayyuka. /var/tmp kuwa an yi shi ne don ya tsallake sake tayar da na'ura, don haka abin da aka bari a can yana nan har a zo a share.

Masu sharar ma suna da nasu haɗarin. Saitin asali na systemd-tmpfiles yana goge abin da ya kwana 10 ba a taɓa ba a /tmp, da kwana 30 a /var/tmp. Sabis ɗin da ya daɗe yana gudana, ya ƙirƙiri fayil da kyau a ranar farko amma ya riƙe sunan kawai yana sake buɗewa, zai iya wayar gari an goge fayil ɗin, wani kuma ya kama sunan da yanzu kowa ya gani. Irin wannan sabis ya kamata ya riƙe fayil ɗin a buɗe, ko ya yi amfani da RuntimeDirectory na systemd da ke ba shi folda a ƙarƙashin /run. Masu C suna da O_TMPFILE tun kanel 3.11, wanda yake ƙirƙirar fayil marar suna kwata-kwata, kuma abin da ba shi da suna ba mai riga ka kama shi.

Barista Rabi (Obalende):
Ni ba ma'abociyar layin umarni ba ce, amma tunda Auwal ya ce mai kanti yana tambayar ko gyaran ya cancanci kuɗinsa, akwai abin da ya kamata a gaya masa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan tsaro da suka dace, kuma idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72 da sanin abin. Idan aka zo bincike aka tarar akwai rahoto a rubuce da ya nuna wannan rauni tun da wuri kuma aka ƙi gyarawa, wannan takardar za ta zama hujja a kan mai kantin. Auwal, ka ba shi shawararka a rubuce, ka ajiye kwafi.

Auwal (Agege):
Na gode, Barista, zan rubuta masa yau. Yaya Hauwa, idan na fahimce ki, zan ma iya kauce wa fayil ɗin wucin gadi gaba ɗaya, in haɗa mysqldump da gzip da ssh a bututu guda da alamar `|`, bayanan su wuce kai tsaye zuwa ɗaya na'urar. Akwai abin da zan kiyaye a nan?

Injiniya Kabiru (Ikeja):
Kafin ta amsa, ka fara gano sauran wuraren, domin wanda ya rubuta wannan da wuya a ce shi kaɗai ya rubuta. Ka buga `grep -rn "/tmp" /etc/cron* /var/spool/cron /usr/local/bin /usr/local/sbin`, ka karanta duk layin da ya fito, sannan ka nemi chown da chmod da rm a cikin ayyukan root ka ga foldar wa suke taɓawa. Idan sabar tana kan CentOS 7 kuma, ka sani kanel ɗinta 3.10 ne, kuma tallafinta ya ƙare tun 30 ga Yuni 2024, wannan shi ne abin da za ka fara kai wa mai kanti. Masu ɗaura /tmp da noexec, saitin da ke hana gudanar da shiri kai tsaye daga wurin, su ma kada su sakankance, domin `sh /tmp/fayil` yana gudana duk da haka, kuma noexec bai taɓa hana simlink ko karatu ba.

Malama Hauwa (Yaba):
Bututun yana da kyau, Auwal, kuma shi zan zaɓa a wurinka, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, bututu yana mayar da sakamakon umarnin ƙarshe ne kawai, don haka idan mysqldump ya mutu a tsakiya, gzip da ssh za su gama lafiya su bar maka guntun kwafi da yake kama da cikakke. Ka sa rubutun ya gudana da bash, ka rubuta `set -o pipefail` a sama, ka kuma sa ya aiko maka da saƙo idan ya gaza. Na biyu, a ɗaya na'urar kada ka rubuta kai tsaye a kan kwafin jiya, domin layin intanet ɗinmu yana iya yankewa a tsakiyar turawa ka rasa na jiya da na yau. Ka rubuta da wani suna na wucin gadi a cikin ita foldar ajiyar, idan an gama lafiya sannan ka yi mv zuwa sunan dindindin. Dole sunan wucin gadin ya kasance a folda ɗaya da na dindindin, saboda mv a cikin faifai guda sauya suna ne da ke faruwa gaba ɗaya, amma daga /tmp zuwa wani faifai kwafi ne da gogewa, kuma wuta na iya ɗaukewa a tsakani. Kalmar sirrin rumbun kuma kada ta hau layin umarni inda ake iya hango ta da ps. Ka sa ta a fayil mai izinin 600 ka nuna wa mysqldump shi da --defaults-extra-file, kuma wannan zaɓin sai ya zo farko kafin sauran zaɓuɓɓuka, in ba haka ba ba zai karɓe shi ba.